Rini da Hasken Rana: Matsayin Tsirran Ƙasar Gwarzo da Kabo a Binciken Wutar Lantarki



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wani al'amari wanda da jin farko mutum zai ɗauka almara ce, watau samar da wutar lantarki daga hasken rana ta hanyar amfani da rinin tsirrai, irin su zoɓo da lalle da karan dafi. Al'amarin kuwa gaskiya ne. Tun cikin shekarun 1990 masana kimiyya suke jiƙa wani irin gilashi a cikin ruwan furanni da na 'ya'yan itatuwa, su fitar da shi rana, su auna wutar da take fita daga gare shi. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya ma ba a bar su a baya ba, sun gwada tsirran ƙasar nan iri-iri, sun kuma buga sakamakon da suka samu.

Idan labari irin wannan ya fita daga ɗakin bincike ya shiga bakin jama'a, yakan yi ƙiba a hanya. Sai a ji ana cewa ai an kusa daina sayen farantin sola daga ƙasashen waje, tun da ga yakuwa nan a gefen kowace gona. Manufar laccar ita ce a auna wannan zance da ma'aunin gaskiya, a ware abin da rinin tsiro zai iya yi daga abin da ba zai iya ba, sa'an nan a nuna inda amfaninsa yake ga ƙasa irin ta Gwarzo da Kabo. Matsayin da za a kai gare shi shi ne, a yadda ilmi yake a yau, ruwan zoɓo ba zai kunna wa kowa fitila a gida ba, amma yana da babban aiki a makaranta da ɗakin bincike, kuma aikin yana bukatar irin sanin da marina da dukawan ƙasar Hausa suka tara, wanda yake neman ɓacewa tare da kalmominsa. Abin da ya shigo da nazarin harshe cikin maganar ke nan.

Ƙasar Gwarzo da Kabo

Hanyar da ta fita daga birnin Kano ta yi yamma, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, ita ce take ratsa ƙasar Kabo ta isa Gwarzo, mai nisan kimanin kilomita 70 daga birni, daga nan kuma ta zarce Dayi a cikin Jihar Katsina. Kabo da Gwarzo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna, mazaɓarsu ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Daga cikin garuruwansu akwai Garo da Gude da Durun da Godiya a ɓangaren Kabo, akwai kuma Getso da Kutama da Lakwaya a ɓangaren Gwarzo. Ƙasa ce ta manoma, ana noma dawa da gero da masara da gyaɗa da wake, da rani kuma a yi lambu a inda aka sami ruwa. Yakuwa takan tsaya a kan iyakar gona, ganyenta ya shiga miya, zoɓonta ya shiga kasuwa, har ya kai Dawanau, inda 'yan kasuwa suke tara shi buhu-buhu domin kai wa ƙasashe irin su Meziko.

Abu biyu ne ƙasar take da su a wadace, rana da tsirrai. Abu ɗaya kuma take ƙishirwarsa kamar sauran karkarar Arewa, watau wutar lantarki tsayayya. Ana bukatarta domin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, da sanyaya allurar rigakafi a ɗakin shan magani, da cajin waya, da karatun yara da dare. Inda aka sami biyan wannan bukata daga rana, da farantin silikon aka samu. Haka abin yake a manyan ayyuka ma. A shekarar 2019 aka buɗe tashar wuta mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa farantan rana da batura da injuna, a shekarar 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Challawa cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Mafi yawan irin waɗannan farantai a ƙasar Sin ake ƙera su, da kuɗin waje kuma ake sayensu. Saboda haka duk wanda ya ji cewa akwai faranti mai aiki da rinin tsiro, tilas ne zuciyarsa ta raya masa cewa mafita ta samu.

Asalin Faranti Mai Rini

A shekarar 1839 wani saurayi Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel, yana da shekara 19, ya lura cewa idan haske ya faɗa a kan wani ƙarfe da aka tsoma cikin ruwan sinadari, wuta 'yar kaɗan takan gudana. A shekarar 1873 kuma wani Bajamushe, Hermann Vogel, ya gano cewa idan aka shafa rini a kan gilashin ɗaukar hoto, gilashin yakan ji launukan hasken da da ba ya ji. Waɗannan abubuwa biyu su ne tushen maganar, ɗaya ya nuna haske yana iya tayar da lantarki, ɗaya ya nuna rini yana iya kamo haske ya miƙa shi ga wani abu dabam.

Amma hanyar da duniya ta fara bi ba ta rini ba ce. A shekarar 1954 masu bincike na ɗakunan Bell a Amurka suka fitar da farantin silikon wanda yake mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa ya zama lantarki. Silikon daga yashi da farin dutse ake samunsa, amma tace shi aiki ne mai cin wuta da dukiya, domin ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400, kuma sai ya yi tsabta ƙwarai kafin ya yi aiki. Wannan ya sa masana suka ci gaba da neman hanya mai sauƙi.

A shekarar 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel, na makarantar fasaha ta birnin Lozan a ƙasar Suwizalan, suka buga bayanin wani sabon faranti a mujallar Nature. Nasu ba ya bukatar silikon. Farar hoda ce aka shafa a gilashi aka rine ta, ya kuma ba da kimanin kashi 7 cikin 100. Sai dai rinin da suka yi aiki da shi haɗin ɗakin bincike ne, yana ɗauke da wani ƙarfe mai suna ruteniyam, wanda yake da tsada da wuyar samu, mafi yawansa daga ma'adinan Afirka ta Kudu da Rasha yake fitowa. Daga nan tambaya ta taso, ko rinin da tsirrai suke yi da kansu zai maye gurbinsa? A shekarar 1997 Tennakone da abokan aikinsa a ƙasar Siri Lanka suka gwada launin furanni, ya kuwa ba da wuta. A shekarar 1998 Greg Smestad da shi Grätzel suka wallafa hanyar da ɗaliban makaranta za su haɗa irin wannan faranti da hannunsu da ruwan 'ya'yan itace. Tun daga lokacin kusan babu ƙasar da ba a gwada tsirranta ba.

Yadda Farantin Yake Aiki

Farantin ya ƙunshi abubuwa biyar. Na farko gilashi ne guda biyu, waɗanda aka yi wa fuska ɗaya wani siririn shafe mai barin haske ya wuce, mai kuma ɗaukar lantarki. Na biyu farar hoda ce da ake kira titaniya, irin wadda take sa farin fenti da man goge baki su yi fari. Akan dama ta, a shafa ta a gilashi na farko, a gasa da zafin kimanin digiri 450 na wajen rabin awa, sai ta kame ta zama kamar soso mai ramuka da ido ba ya gani. Kaurin shafen bai kai na silin gashi ba, amma saboda yawan ramukan, filin da rini zai kwanta a kai yakan ninka faɗin gilashin kusan sau 1,000. Na uku shi ne rinin kansa, wanda ake jiƙa gilashin a cikinsa har farin ya rine. Na huɗu ruwa ne mai ɗauke da aidin, dangin wanda ake sa wa a rauni a asibiti. Na biyar shi ne shafen da ake yi wa gilashi na biyu, a ɗakin bincike da filatinam ake yi, a makaranta kuwa baƙin hayaƙin kyandir ko bakin fensir ya wadatar. Sai a kifa gilasan biyu a kan juna, a ɗiga ruwan aidin a tsakani, a maƙala waya a kowane gefe.

Idan haske ya ratsa gilashi ya faɗa a kan rinin, sai rinin ya sha shi, ƙarfin hasken ya tayar da wata 'yar ƙwayar lantarki da masana suke kira ilaktaron. Ita wannan ƙwaya sai ta tsallaka daga rinin zuwa farar hodar, ta bi ta cikinta har gilashi, ta fita ta waya ta yi aikin da aka sa ta, sa'an nan ta komo ta gilashi na biyu. A nan ruwan aidin yake karɓarta ya mayar wa rinin da ita, rinin ya koma yadda yake, yana jiran wani hasken. Abin ya yi kama da 'yan gayya a wajen gini, masu miƙa wa juna kwanon ƙasa hannu da hannu. Idan mutum ɗaya ya yi sanyin jiki, ko ya bar layi, aikin duka ya tsaya.

Daga wannan bayani za a ga cewa sharaɗi uku ake nema ga rini. Na ɗaya, ya sha haske mai yawa, kuma ƙarfin da ya samu ya isa ya tura ƙwayar lantarkin gaba. Na biyu, ya kama farar hodar kamun gaske, domin in bai manne mata ba, ba shi da hanyar miƙa mata kome. Na uku, ya jure rana, kada ya koɗe. Mai sauraron da ya taɓa zama a bakin karofi zai lura cewa sharaɗi na biyu da na uku ba baƙinsa ba ne. Kamawa da koɗewa su ne abin da marini yake fama da su tun yana yaro.

Tsirran Rini na Ƙasar Hausa a Bisa Ma'auni

Ya kamata a fara da baba, domin shi ne sarkin rini a ƙasar Kano. Ana cewa an kafa marinar Ƙofar Mata a shekarar 1498. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kai wa Timbuktu kaɗai daga Kano sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi, wanda Buzaye suke naɗawa, kuma Philip Shea ya yi nazarin digirinsa na uku a shekarar 1975 a kan yadda wannan sana'a ta bunƙasa a ƙasar Kano a ƙarni na 19. Karayarta ta faro ne daga nesa. Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin bincike a Jamus a shekarar 1880, kamfanin BASF ya fara sayar da shi a shekarar 1897, daga bisani kuma rinin gwangwani da yadin masaƙa suka cika kasuwa. A garuruwa da yawa yanzu sunan unguwa kaɗai ya rage, a ce Marina ko Karofi, ramukan kuwa sun cike.

To, abin mamaki shi ne baba, duk da darajarsa, ba ya cikin rinin da suka fi dacewa da wannan faranti. Dalili yana cikin aikin marina kansu. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an zuba baba a rami tare da toka da katsi, an bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi, kafin ya sake hali ya narke. Idan aka tsamo zane daga ramin yakan fito da launin kore-kore, iska ce take mayar da shi shuɗi a gaban idon mutum. Watau shunin ya koma halinsa na rashin narkewa, ya maƙale a tsakanin zaren auduga. Zamansa a zane zaman maƙalewa ne, shi ya sa turkuɗi yake zuba a jikin mai sa shi. Farar hodar titaniya kuwa tana neman rini mai 'yan hannuwa da zai riƙe ta da su, shuni kuma ba shi da irin waɗannan hannuwa masu ƙarfi.

Zoɓo kishiyar haka ne. Babu marinin da zai rina riga da shi, domin wanki kaɗan zai fitar da shi. Amma jan launinsa, wanda masana suke kira antosayanin, yana da hannuwan nan da suke kama titaniya, har akan ga farin gilashin ya juye ya zama ruwan goda da zarar ya kama. A shekarar 2007 wasu masu bincike a ƙasar Tailan, Wongcharee da abokan aikinsa, suka gwada zoɓo, suka sami kashi 0.37 cikin 100. Da suka rage zafin ruwan jiƙon daga digiri 100 zuwa 50, suka kuma ƙara masa tsami, sai ya hau zuwa kashi 0.70. Wannan sakamako bai kamata ya ba masu dafa zoɓo mamaki ba, domin sun san idan aka matsa masa lemon tsami jansa yakan ƙara fitowa, idan kuma kanwa ta taɓa shi sai ya dushe ya yi duhu. Rauninsa shi ne rana da zafi suna kashe shi da wuri.

Lalle yana kama fata da farce kamun da sai sun sake kafin ya fita, domin sinadarinsa yana haɗuwa da naman fatar ne kai tsaye. An gwada shi a farantin, ya ba da wuta, amma kaɗan, saboda yanki ƙanƙane na hasken rana yake sha. Haka rinin rawaya da na gangamau, waɗanda ake samun launin ɗorawa daga saiwarsu. Koren ganye kuwa, ko da yake da shi tsiro yake kama rana domin abincinsa, ba ya manne wa farar hodar sosai sai an sarrafa shi.

Saura karan dafi, watau irin dawar nan da ake nomawa domin jan kubenta, wadda dukawa da majema suke rina fatar akuya da ita. Jar fatar nan ta Sakkwato da Kano ta ratsa hamada tun zamanin da, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Launin karan dafi ɗan'uwan na zoɓo ne, amma masana sun tabbatar ya fi shi jure zafi da canjin tsami. A wajen kama titaniya kuma hannuwan babban sinadarinsa ba su kai na zoɓo ba. Ga rini biyu ke nan daga gona ɗaya, ɗaya ya fi kamawa, ɗaya ya fi daɗewa. Yadda za a gwama su, ko a sami irin dawar da launinta ya haɗa halayen biyu, tambaya ce da ta cancanci a zauna a kanta, kuma manoman dawa su ne suka san ire-irenta.

Lissafin da Ba Ya Ƙarya

Yanzu sai a zo ga ƙididdiga. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, hasken da yake sauka a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi yana kai ƙarfin wat 1,000. Farantin silikon na kasuwa a yau yana kama kimanin kashi 20 cikin 100, watau wat 200. Farantin zoɓo mai kashi 0.70 zai ba da wat 7 ne kacal. Kafin ya yi daidai da mita ɗaya ta silikon, sai an shimfiɗa masa gilashi mai faɗin kusan murabba'in mita 29, watau ya fi rufin ɗaki biyu. Mafi yawan rinin tsirran da aka gwada a duniya ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Ko da rinin ɗakin bincike mafi kyau, abin da aka kai shi ne wajen kashi 15.

Daɗin daɗawa, masu ƙera silikon sukan ba da lamunin shekara 25, shi kuwa faranti mai rinin tsiro ƙarfinsa yakan fara raguwa cikin kwanaki ko makonni. Ruwan aidin da ke cikinsa yakan tsiyaye ko ya ƙafe in ba a like shi da kyau ba, balle a ƙasar da zafin bazara yake kai digiri 40. Har ila yau, rinin shi ne mafi arha a cikin kayan haɗin. Gilashin nan mai ɗaukar lantarki da tatacciyar hodar titaniya daga waje ake sayo su, ko da yake ana samun duwatsun da ake fitar da titaniya daga cikinsu a wuraren haƙar kuza na Filato. Saboda haka duk wanda ya zo wa ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma da alkawarin wutar gari daga zoɓo, ya nemi a ba shi kuɗi, to, a tambaye shi kashi nawa cikin 100, kuma na wata nawa. Kuɗin da aka ware domin rijiya ko ɗakin shan magani, farantin silikon ya kamata ya saya.

Wannan ba ya nufin dabarar ta mutu. Faranti mai rini yana da halin yin aiki a haske mai rauni, kamar na cikin ɗaki ko na ranar da hazo ya rufe sama, ana kuma iya yinsa launi-launi haske yana wucewa. A shekarar 2014 aka ƙawata bangon wani babban zauren taro a Lozan da irinsa. Bugu da ƙari, daga wannan bincike ne Tsutomu Miyasaka na ƙasar Japan ya gwada wani sinadari mai suna ferobsikait a madadin rini a shekarar 2009. Ya fara da kashi 3.8, yau irin wannan faranti ya haura kashi 25 a ɗakin bincike. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda Amfanin Yake

Amfani na farko na makaranta ne. Tun shekarar 1977, da aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, Jihar Kano take neman hanyar da yaranta za su rungumi kimiyya. Babbar matsalar ita ce yaro yakan haddace darasin lantarki da na sinadarai ba tare da ya taɓa kome da hannunsa ba. Farantin silikon a rufe yake zuwa, ba abin da ɗalibi zai gani a cikinsa. Wannan kuwa da hannunsa zai haɗa shi. Zai zo da zoɓo daga gida, ya jiƙa, ya tace, ya rina gilashinsa, ya fita tsakar makaranta ya ga ma'auni ya nuna kusan rabin bolt, ya sa hannu ya tare rana ya ga lambar ta faɗi. Gani ya kori ji. A darasi ɗaya ya taɓa ilmin haske da na lantarki da na sinadarai da na tsirrai, ya kuma koyi auna abu da rubuta sakamako. 'Yan mata, waɗanda suka riga suka san halin zoɓo da lalle, za su shiga darasin da abin da suka fi malaminsu sani. Kayan da za a saya 'yan gilasai ne da hoda kaɗan da ma'auni, kuma ana iya wanke gilashin a sake aiki da shi.

Amfani na biyu na bincike ne. A shekarar 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, a shekarar 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa babbar makarantar kimiyya da fasaha a Kabo. Mai bincike a irin waɗannan wurare ba zai yi tsere da manyan ɗakunan Turai a wajen neman kashi mafi yawa ba. Amma yana da abin da ba su da shi, watau tsirran da suke a ƙofar gidansa, da rana da ƙurar hunturu da zai gwada juriyar rini a cikinsu, da kuma tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu suna neman yadda launi zai kama ya zauna. Abin da zai fi amfani shi ne a daina tsayawa a kan auna wutar rana ɗaya. A auna ta mako-mako har wata shida, a faɗi gaskiyar abin da aka gani.

Amfani na uku na harshe ne. Sanin marina da dukawa ba a rubuce yake ba, a cikin kalmomi yake zaune. Akwai karofi da katsi da laso da shuni da bugu, akwai kuloko da bagaruwa a wajen masu fata, akwai bambanci tsakanin rini ya kama da ya zuba da ya koɗe da ya dushe. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a shekarar 1916, G. P. Bargery ya adana kalmomin sana'o'i da yawa a ƙamusunsa na shekarar 1934, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a shekarar 2006. Amma ƙamus ma'anar kalma yake bayarwa. Ba ya faɗin wace toka ce ta fi, ko kwana nawa ake barin rami, ko a wane wata ake yankan karan dafi launinsa ya fi ja. Wannan sai a bakin mai sana'a, masu sana'ar kuwa suna tsufa, 'ya'yansu sun kama wasu hanyoyin. Idan suka tafi ba a tambaye su ba, masanin sinadarai zai ɓata shekaru yana neman abin da za a iya gaya masa da yamma ɗaya a ƙofar gida. Sa'an nan idan za a koyar da darasin da Hausa, ba sai an ƙago baƙin kalmomi masu nauyi ba. Jiƙo da tata da rini da kamawa da koɗewa duk suna nan, yaro ya san su tun kafin ya shiga aji.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, wutar da Gwarzo da Kabo suke bukata a yau daga silikon za ta zo, kuma bai kamata a ruɗi kowa da wani zance dabam ba. Rinin tsiro yana da nasa wurin, akwai kuma ayyuka uku da za a iya farawa ba tare da jiran babban kasafi ba. Na ɗaya, hukumomin ilmi su samar wa makarantun sakandaren ƙananan hukumomin biyu kayan haɗa farantin, tare da ɗan littafin jagora da Hausa. Na biyu, sassan kimiyya su ɗauki karan dafi da zoɓo su yi musu gwaji mai tsawo, su riƙa bayyana juriyar rinin tare da ƙarfinsa. Na uku, sassan Hausa su tura ɗalibansu Getso da Garo da Kutama da sauran garuruwa, su nemi tsofaffin marina da dukawa da mata masu lalle, su ɗauki bayaninsu da muryarsu, su kuma tafi tare da ɗalibin sinadarai wanda zai san abin da zai tambaya. Aiki na uku shi ya fi gaggawa, domin gilashi da hoda ana iya sayensu baɗi, tsohon marini kuwa ba lalle ne a same shi baɗi ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.